KADA KA BIYA KAFIN ALƘALAMI DON A KARƁO MAKA FENSHONKA

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A karanta a zaure, a karanta a gindin bishiya bayan la'asar, a kuma shiga cikin gida a karanta wa mata, gama maganar nan ta shafe su ƙwarai. Magana ce a kan kuɗin fensho, da mutanen da ke zuwa wurin tsoho da daɗin baki su ce za su karɓo masa hakkinsa, amma sai ya fara ba su wani abu tukuna.

Kada wani ya ce shi manomi ne, ina ruwansa da fensho. Da wuya ka sami ƙauyen da ba shi da tsohon soja, ko tsohon ɗan sanda, ko malamin makaranta da ya ajiye alli, ko malamin asibiti, ko masinjan ƙaramar hukuma, ko matar da mijinta ya rasu yana bakin aikin gwamnati. Ɗan abin nan da ake biyan su a wata, shi ke sayen taki a wasu gidaje, shi ke biyan kuɗin makaranta, shi ke sayen magani. In aka cuci ɗan fensho guda, to, gida guda aka cuta, har da maƙwabta.

Ra'ayinmu gajere ne. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi tun kafin ya karɓo maka fensho, ko garatuti, ko diyyar cutar da aka yi maka, ka riƙe aljihunka. Hakki ba a saye shi. Za mu faɗi dalili, kuma za mu fara da labarin ƙasar Birtaniya, wadda muka fi sani da Ingila, gama a can ne sana'ar karɓo wa mutane diyyar fensho ta yi girma har ta zama kamfanoni masu ofis da talla a rediyo da talabijin. A can ne kuma aka ga abin da take haifarwa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

CUTA TA FARKO

A da, ma'aikaci a Ingila yakan kasance cikin tsarin fensho na wurin aikinsa. Shi ya zuba, mai aikin ya zuba, in ya tsufa a riƙa biyansa gwargwadon albashinsa da shekarun da ya yi, har ranar da ya koma ga Mahaliccinsa. A shekarar 1988, zamanin mulkin Margaret Thatcher, aka ba ma'aikata damar barin wannan tsari su buɗe asusun fensho na kansu a kamfanonin inshora da bankuna.

Nan da nan dillalai suka bazu. Ana ba su kamasho a kan kowane mutum da suka jawo, saboda haka ba su damu da ko abin ya dace da mutum ko bai dace ba. Suka bi ma'aikatan jinya, da malaman makaranta, da masu haƙar kwal, suna ce musu ku fito, ga inda kuɗinku zai hayayyafa. Mutane suka fito. Abin da ba a gaya wa da yawansu ba shi ne, ranar da suka fita sun rabu da kason da mai aikin ke zuba musu, sun kuma rabu da tabbacin biya har mutuwa. Garin neman ƙiba aka samo rama.

A 1994 hukuma ta ba da umurnin a sake duba waɗannan ciniki ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya ɗauki shekaru, kuma diyyar da aka tilasta wa kamfanonin biya ta haura fam biliyan 11.

Za ka ce an yi hankali daga nan. Ina! A 2017 aka sake. Ma'aikatan ƙarfe na Birtaniya, da yawansu a garin Port Talbot na yankin Wales, aka ce musu za a sāke tsarin fenshonsu, kowa ya zaɓi inda zai koma cikin ɗan lokaci. Hankali ya tashi, masu ba da shawara suka yi musu caa. Kusan mutum 8,000 suka kwashe kuɗinsu daga tsarin, jimillar da ta kai wajen fam biliyan 2.8. Da hukumar kula da harkar kuɗi ta ƙasar, wadda ake kira FCA, ta bincika, sai ta tarar kusan rabin shawarar da aka ba su ba ta dace da su ba. Mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu a bakin wutar narka ƙarfe, ga abin da aka saka musu da shi.

CUTA TA BIYU

To, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da labari ya bazu cewa wanda aka yaudara yana da hakkin diyya, sai wata sana'a ta tsiro. Kamfanoni suka fito suna cewa: an cuce ka? Zo mu karɓo maka. Suna buga waya, suna aika saƙo, suna talla. Ba mu ce dukansu ɓarayi ne ba. Akwai masu rajista da ke yin aikin su ɗauki kasonsu in an ci nasara. Amma akwai waɗanda ke cewa sai ka fara biya. Wani ya kira shi kuɗin buɗe fayil, wani ya ce kuɗin bincike, wani ya ce kuɗin lauya. Suna dai daban daban, abin guda ne: kafin alƙalami.

Ga abin da ba sa son mutum ya sani. A Ingila hanyar neman wannan diyya kyauta ce tun daga farko har ƙarshe. Mutum zai rubuta kokensa ga kamfanin da ya ba shi shawarar, kuma an ba kamfanin mako takwas ya amsa. In bai amsa ba, ko amsar ba ta gamsar ba, sai mutum ya kai maganar ofishin mai sauraron koke-koken harkar kuɗi, wanda ya fara aiki a 2001, ba a karɓar ko kwabo daga mai koke. In kuwa kamfanin ya karye ya rufe, akwai asusun diyya da ake kira FSCS, shi ma kyauta, wanda a 2019 aka ɗaga iyakar abin da yake biya a kan irin wannan shawara zuwa fam 85,000. Su kuwa ma'aikatan ƙarfe, a 2023 hukuma ta buɗe musu shiri na musamman, ta tilasta wa kamfanonin da suka ba su shawara su sake duba aikinsu su biya, ba tare da ma'aikaci ya ɗauki ɗan tsakiya ba.

Watau kamfanin karɓo diyya ba shi da wata ƙofa ta daban. Takardar da zai cika, ita ce wadda kai ma za ka iya cikawa. Ofishin da zai kai ta, shi ne wanda kai ma za ka kai. Ba a ba shi fifiko a layi, ba a ƙara masa ko sisi a kan abin da za a ba ka. Kamar mutum ne ya tsaya a bakin rijiyar gari yana sayar maka da izinin jan ruwa.

Ko waɗanda ba sa karɓar kuɗin gaba, kasonsu ba ƙarami ba ne. A ce an yanke wa mutum diyyar fam 60,000, kamfani ya ɗauki kashi 15 cikin ɗari. Fam 9,000 ke nan sun tafi, a kan aikin da zai iya yi da kansa. Akwai kuma wani tarko. Sau da yawa diyyar fensho ba a hannu ake ba da ita ba, cikin asusun fenshon ake mayar da ita, inda mutum ba zai taɓa ba sai shekarunsa sun kai. Amma kamfanin yana son kasonsa yanzu. Sai ka ga wanda ya ci shari'a ya koma neman rance don ya biya wanda ya taya shi.

Abin ya yi yawa har gwamnati ta sa hannu. A watan Janairu na 2019 aka haramta buga wa mutum waya haka kawai a kan maganar fenshonsa in bai nema ba. A watan Afrilu na wannan shekarar aka miƙa kula da kamfanonin karɓo diyya ga hukumar FCA, aka kuma wajabta musu su gaya wa mutum cewa akwai hanyar kyauta. A watan Maris na 2022 aka ƙayyade kasonsu, daga kashi 30 cikin ɗari a ƙaramar diyya zuwa kashi 15 a babba. Ku duba fa, ƙasar da kusan kowa ya yi boko, ga jaridu, ga lauyoyi, amma sai da aka yi shekara da shekaru ana tatsar mutane kafin a ja wa abin linzami.

ME YA SA KUƊIN GABA KE DA HATSARI?

Manomi ya fi kowa sanin amsar nan. Wa ke biyan ɗan ƙwadago kuɗinsa duka tun bai sa garma a gona ba? Dillalin shanu a kara, yaushe yake karɓar la'adarsa? Sai ciniki ya faɗa, an ce Allah ya sa albarka. Dalili kuwa a fili yake. Wanda ya riga ya ci ladansa, me zai tashe shi da asuba ya bi maka takarda?

Hatsari na farko ke nan: ko an samu ko ba a samu ba, shi ya samu. Asarar taka ce kai kaɗai. Saboda haka ba zai taɓa gaya maka gaskiya cewa maganarka ba ta da ƙarfi ba. Kowa ya zo zai ce masa naka ai a hannu yake.

Na biyu, biyan farko ba shi ne na ƙarshe ba. Ka ba da na fayil, bayan mako biyu a ce saura na haraji. Ka ba da na haraji, a ce oga bai sa hannu ba, sai an gan shi. Kai kuma kana tunanin abin da ka riga ka zuba, kana ganin in ka tsaya nan ya tafi a banza, sai ka ƙara. Da wannan tunanin ake kama mutum. Sun san shi sarai, da shi suke aiki.

Na uku, lokaci yana tafiya. A Ingila akwai wa'adin kai koke: shekara shida daga lokacin da abin ya faru, ko shekara uku daga lokacin da mutum ya gane, ko ya kamata ya gane, cewa an cuce shi. Wanda ya miƙa takardunsa ga wani ya koma gida yana jira, yana iya farkawa ya tarar ba a kai komai ko'ina ba, wa'adi kuwa ya wuce. An ci kuɗinsa, an kuma kashe masa hakkinsa na gaskiya.

Na huɗu, sunanka ya shiga littafinsu. Macuta suna sayar wa juna sunayen waɗanda suka taɓa biya. Bayan wata kaɗan wani zai kira ka da murya mai tausayi, ya ce ya ji abin da aka yi maka, shi zai ƙwato maka kuɗin da na farko ya ci, amma ka turo ɗan wani abu. Sau da yawa shi da na farkon tafiyarsu ɗaya.

MU DAWO GIDA

Wani zai ce wannan ai labarin Turawa ne. To, ku saurara. A nan Nijeriya ba mu da manyan kamfanonin karɓo diyya irin nasu, amma dabarar ita ce dai, kuma ta mu ta fi muni, gama na nan ko rajista ba su da ita, balle a san inda za a kama su.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangonmu kuwa ya daɗe da tsagewa. Kowa ya san yadda 'yan fensho ke yin watanni, wasu shekaru, suna jiran garatuti. Kowa ya ga tsofaffi a layin tantancewa cikin rana. An kuma ga inda wasu kuɗin suka tafi. A 2013 wata kotu a Abuja ta sami John Yakubu Yusufu, jami'i a ofishin fenshon 'yan sanda, da laifin cin kuɗin fensho, aka ba shi zaɓin tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida. Sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida da biyan naira biliyan 22.9. A watan Nuwamba na 2021 kuma aka yanke wa Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora a kan kwamitin gyaran harkar fensho, ɗaurin shekara takwas a kan kuɗi kimanin naira biliyan 2. In tsoho ya gaji da jira, ya ga hanyar gaskiya ba ta ɓullewa, duk wanda ya nuna masa gajeriyar hanya zai bi. A nan 'yan damfara ke jiransa.

Ga kamannin da suke zuwa da su.

Akwai mai buga waya. Zai kira ka da cikakken sunanka, ya faɗi ma'aikatar da ka yi aiki, wani lokaci har da shekarar da ka ajiye. Zai ce daga Abuja yake, kuɗinka na baya sun fito, amma sai ka tura wani abu cikin wani asusu kafin ƙarfe huɗu, in ba haka ba a mayar da su baitulmali. Sanin sunanka ba shaida ba ne, gama takardun ma'aikata suna bi ta hannaye da yawa. Gaggawar nan kuwa da gangan ce, don kada ka sami lokacin shawara da kowa.

Akwai mai tsayawa a ƙofar ofis da jaka a hamata. Ya san kowa, in ji shi, fayil ɗinka yana ƙarƙashin tari, da ɗan goro zai hau sama.

Akwai mai cewa ka karanto masa lambar BVN, ko lambobin da ke jikin katin cirar kuɗinka, ko lambar da banki ya turo maka a waya yanzu yanzu, wai don a zuba maka kuɗi. Jama'a, mai zuba maka kuɗi lambar asusu kaɗai yake bukata. Wanda ya nemi lambar sirri, kwasa zai yi.

Akwai kuma wanda ya fi su rashin imani, mai bin matan mamaci tun ba a share makoki ba, ya ce a ba shi takardun marigayi da kuɗin mota zai karɓo wa marayu hakkinsu.

ABIN DA DOKA TA CE

Fensho ba sadaka ba ce, ba kuma alfarmar gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma ba ce. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 173 ga ma'aikatan tarayya da sashe na 210 ga na jihohi, ya kare hakkin fensho da garatuti, har ya ce a riƙa sake duba fensho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashi.

A 2004 aka kawo sabon tsari na zubi, aka kafa hukumar PenCom ta kula da shi. Dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai aikin ya zuba kashi 10, cikin asusu mai sunan ma'aikacin, a hannun kamfanin fensho mai lasisi. Dokar ta kuma wajabta wa mai aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai wadda ba ta gaza albashinsa na shekara uku ba. Matan mamaci da magada su riƙe wannan, gama da yawa ba su san suna bin sa ba. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da ke kan tsohon tsari kuwa, hukumar PTAD da aka kafa a 2013 ke biyan su. Sojoji suna da hukumar fenshonsu daban, jihohi ma kowace da tata.

Hukumar PTAD ta sha yin shela cewa ba ta karɓar kuɗi daga ɗan fensho don a biya shi hakkinsa ko a tantance shi. Duk wanda ya kira ka da sunanta yana neman kuɗi, ɓarawo ne. Karɓar dukiyar mutum da ƙarya irin wannan, abin da ake kira 419, dokar 2006 ta yanke masa ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, yana iya kaiwa 20.

Akwai wuri guda da muke jan kunnen masu shirin ajiye aiki, gama nan ne cutar farko irin ta Ingila ke iya samun mu. A sabon tsari, ranar da ka yi ritaya za a ba ka zaɓi biyu. Ko ka bar kuɗinka a kamfanin fensho a riƙa ɗibar maka wata wata, in ka rasu abin da ya rage ya zama gado. Ko ka miƙa su ga kamfanin inshora ya riƙa biyanka har iyakar ranka, da tabbacin shekara goma ga magada in ka rasu kafin su cika. Kowanne da amfaninsa da kuma inda ya gaza. Amma wanda ya shiga na inshora ba ya komawa na farko. Wakilan kowane ɓangare za su zo maka da murmushi, kowa yana yabon hajarsa. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a ranar. Ka karɓi takardar ka kai gida, a karanta maka a tsanake, ka tambayi waɗanda suka riga ka. Ba a cinikin biri a sama.

BA KOWANE BIYA NE CUTA BA

Mu yi adalci. Akwai kuɗin da ake biya bisa ƙa'ida. In magada za su nemi takardar izinin karɓar dukiyar mamaci a kotu, akwai kuɗin kotu. In magana ta kai ga shari'a, lauya yana da ladansa. Amma ku lura da bambanci. Kuɗin ƙa'ida an san adadinsa, a ofis ake biya ko a asusun hukuma, ana kuma ba da rasit mai hatimi. Lauyan gaske yana da ofishin da za ka same shi gobe, zai rubuta maka yarjejeniya, kuma ba zai rantse maka cewa lalle sai ka ci ba. Kuɗin cuta kuwa a bayan gini ake karɓa, ko a tura cikin asusun wani mutum da ba ka taɓa gani ba, ba rasit, ba shaida, ana kuma ce maka kada ka gaya wa kowa. Kalmar nan ta kada ka gaya wa kowa, da ka ji ta ka san inda aka dosa.

TO, YAYA ZA A YI?

Na ɗaya, in an kira ka a waya, ka ce ka ji, ka kashe. Kada ka sake kiran lambar. Ka tashi da ƙafarka, ko ka aiki ɗanka mai ilmi, zuwa ofishin kamfanin fenshonka ko hukumar da ke biyanka, ka tambaya.

Na biyu, takardunka na asali, watau ta ɗaukar aiki, ta ƙarin girma, da ta ajiye aiki, kada su kwana a hannun kowa. A yi kwafi a ba da kwafi. In ofis ya karɓi wata takarda, ka nemi a rubuta maka shaidar karɓa da kwanan wata.

Na uku, ka rubuta kokenka, ko a rubuta maka, ka ajiye kwafi. Magana ta fatar baki iska ke ɗauke ta. In kamfanin fensho ne ya ƙi sauraronka, ka kai ƙara PenCom. In ma'aikatar gwamnati ce ke ja maka rai, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975 zamanin Janar Murtala Muhammad, tana da ofis a jihohi, kuma kyauta take aiki. Akwai kuma Hukumar Taimakon Shari'a ta 1976 don marasa ƙarfi.

Na huɗu, ku haɗa kai. Ƙungiyar 'yan fensho tana da rassa. Tsoho guda a ƙofar ofis ana iya ce masa ya dawo gobe har shekara ta zagayo. Tsofaffi hamsin da takarda guda, da wuya a yi musu haka.

Na biyar, in an riga an cuce ka, kada kunya ta rufe maka baki. An cuci waɗanda suka fi ka boko. Ka tsaya daga nan, kada ka ƙara ko kwabo. Ka sanar da bankinka nan take, ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC, ka ajiye lambar wayar da lambar asusun da ka tura wa. Sa'an nan ka gaya wa mai unguwa da liman a yi shela, don kada maƙwabcinka ya faɗa ramin da ka faɗa.

Ku kuma matasa, wannan aikinku ne. Ku ne masu waya, ku ne masu karatu. Kada ku bari a sayar da akuyar tsohuwa, ko a buɗe rumbu a tsakiyar bazara, ko a jinginar da gonar gado, don a tura wa wata murya a waya. Gona in ta tafi jingina, kowa ya san wahalar dawo da ita.

Maganarmu ta ƙarshe ga masu neman ƙuri'a ce, ko daga ina suka fito. Ɗan tsakiya ba ya cin kasuwa sai inda ofis ya ƙi aikinsa. Ranar da garatuti ya riƙa fitowa a kan lokaci, aka manna sunayen waɗanda za a biya a bango kowa ya ga inda yake a layi, aka riƙa bin tsofaffi marasa lafiya har garinsu a tantance su, ranar mai jaka a hamata zai nemi wata sana'a. Saboda haka duk wanda ya zo garinku da lasifika yana neman ku zaɓe shi, ku sa tsohon malamin makarantarku a gaba ya tambaye shi: nawa 'yan fensho ke bin bashi, yaushe za a biya, kuma ta wace hanya? Ku riƙe amsar da ya bayar, gama za ku neme ta wata rana.

Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya kare tsofaffinmu daga sharrin macuta, ya ba su ikon cin guminsu da ransu da lafiyarsu. Amin.